Garin Haihuwar Ango

Ango ɗan Maiguwa na Rafin Baure, can cikin kwarin Tama, mutum ne da Allah ya ba ƙira ya hana shi haƙuri. Wuyansa kamar turmi, in ya damƙi ƙahon bijimi sai bijimin ya tuna uwarsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar da wuya kasuwar Tama ta watse ba a ce ya fasa wa wani baki ba. Ubansa ne maigari, kuma Ango kaɗai ne ɗa namiji a gidan, sauran duk mata. Kowa ya san in tsohon ya kau rawanin nasa ne. Shi ma ya sani, shi ya sa tun da sauran lokaci yake tafiya da wuya a sandare, kada rawanin da ba a naɗa masa ba ya faɗi.

A ɗakin uwarsa Cima aka haife shi, bayan rumbu na uku, cikin kakar da ta zo kafin babbar yunwa. Yana wata biyar a goye gero ya ƙare ƙaf a kwarin, Cima ta bi ayarin masu gudun yunwa ta ƙetara daga ƙasar Faransi zuwa ƙasar Ingilishi, ta sauka Gada wurin dangin uwarta. Damina biyu ta yi can. Da ta dawo da shi yana tafiya da ƙafarsa, yana kuma cizon mutane.

A 1934 aka aiko kowane gari ya ba da samari aikin soja. Maiguwa ya yi yadda ya saba: ya tura wani mai ido ɗaya da wani mai tarin da ake ji daga gona. Ashe an canza kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Bayan kwana huɗu sai ga sabon da kansa bisa doki, da likita, da tafinta, da gardi shida, wato dogaran bariki masu bindiga, da mai ido ɗayan da mai tarin a bayansu ɗaure da igiya guda. Aka tara samarin garin gindin gawo, aka ce kowa ya tuɓe. Wanda ya tsaya jan jiki dorina ta taya shi tuɓewa. Likita yana bin layi yana buɗe baki yana duba haƙora kamar mai sayen raƙumi. Da ya zo kan Ango bai ma duba ba, ya juya ya yi wa kumandan murmushi.

Wani gardi ya kawo igiya. Ango ya dube shi, ya dubi igiyar, ya sakar masa hannu ɗaya a tsakiyar fuska. Gardin ya zauna ƙasa yana tattara haƙoransa. Sauran biyar suka rufar masa da gindin bindiga. Ya karya wa ɗaya yatsa, ya ciji ɗaya a cinya har sai da ya ji nama a bakinsa, amma gindin bindiga ba ya gajiya. Suka fasa masa goshi, suka kai shi ƙasa, mutum uku suka zauna a kansa, aka ɗaure shi tamau jini na bin igiyar.

Nan Cima ta keto taron maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya gaban dokin kumandan.

“Wanga yaro ba naku na ba,” ta ce da tafinta. “Hwaɗa mishi. Talakan Ingilishi na. Gada na haihe shi.”

Tafinta ya yi dariya, amma ya faɗa. Kumandan bai yi dariya ba, don a lokacin ba wanda ke son rigima da Turawan can ƙetare a kan ƙato guda. Ya ce in gaskiya ce ta rantse. Aka kira liman da Alƙur'ani. Cima ta yi alwala a gaban jama'a, ta ɗora hannun dama, ta ce a Gada ta haifi Ango. Limamin da ke riƙe da littafin shi ne ya raɗa wa Ango suna a zauren Maiguwa, ya kuma ci cinyar ragon. Ya ɗaga kai yana nazarin ganyen gawo. Kumandan ya tambayi dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce Gada, har da wani kurma da bai ji tambayar ba. Aka buɗe babban littafin bariki aka rubuta.

Sai kumandan ya ce to, ya ji, amma gidan maigari sai ya ba da mutum ɗaya, tunda gidan ne ya raina shi. Ya waiga. Inuwa, ɗan ƙanen Maiguwa, siririn saurayi da likita ya riga ya wuce, yana tsaye gefe riƙe da rigar Ango don kada a tattake ta. Aka kwance igiyar daga jikin Ango, da jininta da komai, aka ɗaura masa.

Ana jansa ya waiwayo. “Inna Cima! Ni hwa? Ni ina anka haihe ni?”

Cima ba ta ɗaga kai ba. Ango na kwance yana tofar da jini, ya ji tambayar sarai, ya rufe ido.

Ƙarya irin wannan sai da kiwo, mutanen Rafin Baure kuwa suka kiwata ta fiye da awakinsu. Maiguwa ya sa aka yi shela duk wanda ya kuskure bakinsa gaban baƙo zai bar garin. Aka riƙa tare yara a hanya ana tambaya ina aka haifi Ango, wanda ya yi jinkiri ya sha ranƙwashi. Wani dattijo daga Tabotaki ya haɗu da Ango a kasuwa, cikin murna ya ce ai yana nan ranar sunansa, har ya ci tuwo. Ango ya ɗaga shi ya tsoma kansa cikin tukunyar rini, ya fito da gemu shuɗi, ya tuna cewa ashe sunan wani ne ya je. Aka daina cewa Ango ɗan Maiguwa, sai Ango Ɗan Gada. Shi kuma abin ya yi masa daɗi. Da aka zo kwasar mutane fasa dutse a hanyar mota, yana zaune bisa katanga yana cin goro yana yi wa tsaransa sannu da aiki. Cima ce kaɗai abin bai yi wa daɗi ba. Ta rame, ta riƙa azumin da ba wanda ya san lissafinsa, kuma kowace safiya sai ta murza hannunta na dama ta ga ko yana motsi.

Shekara uku aka ce Inuwa zai yi. Ya yi goma sha biyu. Yaƙi ya same shi can bayan teku, Jamus suka kama shi, sanyi ya cinye masa yatsu uku na hannun hagu. A 1946 ya sauka Madawa daga babbar mota, ya tako da ƙafa har gida cikin takalman soja, lambobi biyu a ƙirji. Uwarsa ta rasu, gonar ubansa Ango ke nomawa. Siririn yaron nan ya zama wani busasshen mutum da ba ya ƙifta ido sosai.

Ango ya tare shi ƙofar masallaci da hannu biyu. “Ƙanena! Lale marhabin!”

Inuwa ya ƙame ya sara masa irin ta soja. “Sannu baƙo. Yaushe kaz zo garinmu?”

Ango ya kai hannu zai kama wuyan rigarsa, bai san abin da ya faru ba sai ya ji goshin Inuwa a kan hancinsa, takalmi kuma a gwiwarsa. Rabonsa da ganin jininsa tun gindin gawo. Ya yi ƙara, ya sunkuci Inuwa ya yi sama da shi ya maka cikin shingen ƙaya. Inuwa ya fito ƙaya har a fatar ido, da rabin tubali a hannu. Sai da mutum takwas suka shiga tsakani, biyu daga cikinsu suka koma gida a kan jaki.

Shekarar da ta biyo Maiguwa ya rasu. Zamani kuwa ya juya: an hana aikin tilas, an ce yanzu kowa sitwayan ne, ɗan ƙasa, daidai da Nasara, ko da yake ba a ga Nasaran da ya zo ya ɗauki hauya ba. Maigari ma ba naɗa shi kawai za a yi ba, magidanta za su jeru bayan wanda suke so, kumandan ya ƙirga kawuna. Ango bai damu ba. Ya san in aka jeru, layinsa sai ya kai fadama. Har ya aika aka sayo rawani.

Inuwa bai nemi kowa ya tsaya bayansa ba. Ya goge lambobinsa da toka, ya tafi Madawa, ya ƙame gaban teburin kumandan, ya roƙi a buɗe littafin 1934. Bayan kwana shida manzo ya iso da saƙo: ba za a ba talakan wata ƙasa riƙon gari ba, wanda zai tsaya sai haifaffen ƙasar nan. Wato kowa a Rafin Baure ya zama sitwayan, har mai tarin nan da har yanzu bai mutu ba, ban da Ango.

Garin ya tsage biyu. Mutanen Ango suka shiga lambun albasar Inuwa da rana tsaka suka tattake, suka cika rijiyar da duwatsu. Mutanen Inuwa suka sami dokin Ango a fadama suka sare masa jijiyoyin ƙafafun baya, sai yanka shi aka yi. A bakin rijiyar gari aka yi wata arangama da sanduna, wani ƙanen matar Ango ya bar kunnensa a can, kaza ta ɗauke. Mata suka daina zuwa ɗibar ruwa sai da rakiya. Duk wannan bai goge ko harafi ɗaya daga littafin bariki ba, Ango kuma ya san haka. Bakin da ya sa aka rubuta shi ne kawai zai sa a goge.

Ya sami uwarsa da hantsi tana kaɗi a ƙofar ɗakin da ta haife shi.

“Inna, ran Laraba kumandan na tahe. Ki hito ki hwaɗi gaskiya. Shi ke nan abin da nika so.”

“Wace gaskiya?”

“Inna, kar ki yi min haka. Ga ɗakin nan. Ga rumbun nan.”

Ta ci gaba da murza mazari. “Littahin Allah na ɗora ma hannu, Ango. Shekara sha ukku ina jiran shi shanye. Yanzu kuma in tashi gaban gari in ce ni maƙaryaciya ta? Da bakina?”

“Wa yas sa ki? Ni na roƙe ki?”

“A'a. Kana ƙasa, mutum ukku na zamne bisanka. Ba ka da bakin roƙo.”

Ango ya ɗauki randar ruwanta ya maka da bango. Ya tumɓuke ƙyauren ɗakin ya jefa bisa rumbu. Ya tattake kwandon audugar, kaji suka watse, matan gida suka leƙo suka koma. Cima tana zaune ruwa na bin ƙarƙashin tabarmarta. Da ya gaji ya tsaya yana huci, ya ce rawanin ubansa ne, in ya ga shi a kan Inuwa gara a binne shi da rai.

“To,” ta ce. “Na ji. Ina zuwa.”

Ranar Laraba aka taru gindin gawon nan. Kumandan wani ne daban, saurayi mai jan wuya, amma littafin shi ne dai, a buɗe bisa tebur. Magidanta kowa da sanda ɓoye cikin riga, riga kuwa ba ta ɓoye sanda, duk garin kamar an haɗiye tabarya. Ango ya fito ya ce abin da ke littafin kuskure ne, a nan aka haife shi, ga uwarsa za ta faɗa. Aka kawo Cima.

Kafin ta buɗe baki kumandan ya yi magana mai tsawo, tafinta ya juya. Ya ce tsohuwa ta faɗi abin da ta sani, ba wanda zai taɓa ta. Amma a sani: in a nan aka haifi Ango, to ashe ya tsere wa aikin soja ke nan, sai ya je ya yi shekara ukunsa tukuna, in ya dawo a yi maganar rawani. Kuma ana neman mutane yanzu haka, don akwai wani yaƙin bayan teku.

“Na yarda!” Ango ya daka tsawa. “Shekara ukku ta! In tahi in yi in dawo! Inna, hwaɗi!”

Inuwa ya yi wata 'yar dariya ta hanci. “Ni ma ukku anka ce min.” Ya ɗaga hannunsa na hagu, ya juya shi gaba da baya a hankali, kamar mai tallan kaya. Babban yatsa da manuni, sai dunƙulen fata mai sheƙi.

Cima ta dubi hannun. Ta daɗe tana dubansa. Ango ya ga inda idonta yake, ya matso gabanta.

“Inna. Dube ni. Ni za ki duba.”

“Gada na haihe shi,” ta ce da tafinta. “Na rantse sau guda, ba ni sakewa.”

“Ƙarya ta! Wallahi ƙarya takai!” Ango ya juya ga jama'a. “Ku hwaɗi mana! Kun sani! Baba, kai hwa? Ba kai kay yanka ragon ba?”

Dattijon da ya nuna ya sunkuya yana neman wani abu a tsakanin yatsun ƙafarsa. Liman ya daɗe da rasuwa. Tsofaffin da suka rage duk sun shaida Gada da bakinsu a gaban wancan kumandan, ba mai son a tambaye shi dalili. Matasan magidanta kuwa, mutanen Ango na haƙiƙa, waɗanda suka tattake albasa dominsa, da ranƙwashi aka koya musu Gada tun suna yara, kuma sun yarda har zuciya. Ɗaya daga cikinsu ya matso ya dafa shi, da tausayi ya ce, “Haba Ɗan Gada, mi na abin kunya? Inda Allah yas sa anka haihe ka ke nan.”

Shi ya fara shan duka. Ango ya mangare shi ya zare sandar da ke cikin rigarsa, ya yi tsalle biyu ya isa Inuwa. Inuwa ya kare ta farko da hannu, hannun ya karye, aka ji ƙarar har bayan taro. Ta biyu ta same shi a muƙamuƙi. Ya faɗi, Ango ya hau ruwan cikinsa ya jefar da sandar ya koma hannu, yana duka yana cewa, “Ina anka haihe ni? Hwaɗi! Ina?” Inuwa ba shi da muƙamuƙin amsawa, amma idonsa a buɗe, yana kallonsa. Sanduna suka fito daga riguna. Teburin kumandan ya kife, tawada ta malale, tafinta ya haye gawo da takalmansa. Wa ya bugi ƙane, suruki ya fasa kan suruki, wasu ma ba su san ɓangaren da suke ba, duka kawai suke don kada a riga su. Gardi suka harba sama sau uku ba wanda ya ji. Sai da suka juya bindigogin suka shiga da gindi. Mutum huɗu suka ɓamɓare Ango daga jikin Inuwa, suka yi ta sara har ya daina motsi. Da ƙura ta lafa aka sami wani tsoho mai saƙar tabarma kwance an tattake shi, bai kai la'asar ba.

Wata takwas Ango ya yi a kurkuku yana fasa dutse, aikin da ya taɓa yi wa wasu sannu a kai. Inuwa ya warke da baki a karkace, aka naɗa masa rawani, kuma masu gaskiya sun ce ya riƙe garin da kyau, sai dai in ya yi hukunci sai an ce ya maimaita. Ranar da aka saki Ango ya ɗauka gida za shi. Gardi biyu suka sa shi gaba suka yi kudu, kwana biyu suna tafiya, har suka kai wani tulin duwatsu, alamar iyaka, a tsakiyar saura. Babban cikinsu ya kwance shi, ya nuna masa wata hanyar jakai.

“Bi nan, ka iske garinku. In munka sake ganinka wanga gehe, harbi na.”

A Gada ba wanda ya san shi. Dangin uwar Cima sun mutu, waɗanda suka rage suka ce sun dai ji labarin wata Ba'adara da ta taɓa zuwa daga arewa da goyo lokacin yunwa. Da ya buɗe baki aka ce ɗan Faransi ne. Ya yi faɗa uku a makon farko, dogarai suka nuna masa su ma sun iya. Daga nan ya shiga cikin masu haƙar rijiya, don aiki ne da ake son ƙarfi ba a son magana, kuma a can ƙasa ba mai tambayar mutum garinsu.

Cikin bazarar 1949 Cima ta ɗaure ƙullin kayanta, ta bar ɗakin da har yanzu ba a mayar masa da ƙyaure ba, ta tako kwana huɗu har Gada. Aka nuna mata wata sabuwar rijiya a bayan gari, abokan aikinsa sun tafi cin abinci sun bar shi ciki. Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai duhu da ƙarar diga.

“Ango.”

Digar ta tsaya.

“Ango, ni ta.”

Ta zauna bakin rijiyar, rana na dukanta. Can digar ta ci gaba, da ƙarfi, kamar dutsen ne ya yi masa laifi. An jima igiya ta motsa sau biyu, alamar guga ya cika. Cima ta duba hagu da dama, ba kowa. Ta tashi ta kama igiyar da hannu biyu, ta ja, ta huta, ta ja, har gugan ya fito cike da jar laka. Ta juye shi gefe ta mayar masa.

Da abokan aikin suka dawo suka tarar da tsohuwa ta fitar da guga bakwai, tana haki, tana kuma yi wa na cikin ramin faɗa cewa ya rage cikawa, ita ba jaka ba ce.